Kayan ƙarfafa riƙon hannu: wanne ne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya shiga shagon kayan motsa jiki a kasuwar Wuse da ke Abuja ya ce yana neman abin da zai ƙara masa ƙarfin hannu, abu ɗaya za a miƙo masa: ɗan matsin nan mai mariƙa biyu da sifirin a tsakani, wanda ake matsawa a saki. Shi ne kuma zai fara fitowa idan ka duba Jumia ko Konga. Yana da araha, yana shiga aljihu, ana iya matsa shi a cikin mota idan an maƙale a cunkoson hanyar Nyanya da yamma. Yana da nasa amfanin, amma ga mafi yawan masu sayensa shi ne abu na uku ko na huɗu da ya kamata su nema, shi ya sa mutum zai yi wata da watanni yana matsawa, matsalar da ta kai shi shagon tana nan ba ta motsa ba. Mai ɗaga ƙarfe da sanda ke suɓuce masa tun bayansa bai gaji ba, da ɗan kokawar da abokin karawa ke zame masa, da ma'aikacin Sakatariya da gwiwar hannunsa ke zogi, da dattijuwar da murfin kwalba ya fara gagararta, duk ƙarfin hannu suke nema, amma ba kaya ɗaya ne zai yi musu ba.

Dalilin yana cikin yadda Allah Ya gina hannu. Ƙasusuwa 27 ne daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, amma manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun suke ba. Suna sangalin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Dogayen jijiyoyi ne ke tasowa daga gare su, su ratsa ta wata ƙuntatacciyar hanya a wuyan hannu, su je su kama ƙasusuwan yatsu. Kamar birkin keke ne, inda ake ja daban, inda ake kamawa daban, waya ce ta haɗa su. Dunƙule hannunka ka taɓa sangalin da ɗaya hannun, za ka ji inda aikin yake. Babban yatsa yana da ƙarin nasa tsokokin a gindinsa, wato tudun naman nan na tafin hannu. A bayan sangalin kuma akwai wasu tsokoki masu buɗe yatsu da ɗaga wuyan hannu, su ne ke tsare wuyan hannu kada ya lanƙwashe ciki lokacin da ka damƙi abu.

Wannan gini ne ya sa ƙarfin hannu ke bin irin aikin da aka saba masa, har da faɗin buɗewar yatsu a lokacin aikin. Wanda ya ƙware wajen matse abu siriri na daƙiƙa biyu ba lallai ya iya riƙe abu mai kauri na minti ɗaya ba. Sannan jijiyoyin nan ba sa samun jini kamar yadda tsoka ke samu, don haka sun fi ta jinkirin yin ƙarfi, sun fi ta jinkirin warkewa. Cikin 'yan makonni tsoka za ta nuna maka ta shirya wa ƙarin nauyi alhali jijiya ba ta shirya ba, kuma a nan ne mafi yawan ciwon gwiwar hannu na sababbin shiga ke farawa.

Riƙon da rayuwa ta fi buƙata shi ne na ɗaukar abu mai nauyi a riƙe shi ya daɗe. Dubi masu ga-ruwa a Karu ko Kubwa ko Gwagwa. Jarkar lita 25 idan ta cika ruwa kilo 25 ce, ban da nauyin jarkar kanta, su kuwa biyu suke sauke wa daga kura, ɗaya a kowane hannu, su ratsa tsakar gida da su, wani lokaci har su hau bene. Masu horar da 'yan wasa a Turai da Amurka suna sayen ƙarafa na musamman don yin daidai wannan tafiya da kaya a hannu biyu, saboda tana aiki a kan yatsu da sangali da kafaɗa da baya da ciki a lokaci guda. A wurina jarka ta ma fi waɗancan ƙarafan dacewa da mai farawa, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kai ke da ikon ƙara nauyi kaɗan-kaɗan yadda kake so. Fara da lita 10 a kowace jarka, ka miƙe tsaye sosai, kafaɗu a baya, ka yi tafiya har yatsu su fara buɗewa da kansu, ka ajiye, ka huta, ka sake. Ranar da ka iya cika minti ɗaya ba tare da wahala ba, ƙara lita 2. Ruwan da ke kai-kawo a cikin jarkar da ba ta cika ba yana tilasta wa wuyan hannu ya yi ta daidaitawa, wannan ma riba ce. Abin lura ɗaya shi ne mariƙin wasu jarkokin siriri ne mai kaifi, yana cin gaɓar yatsu tun tsoka ba ta gaji ba, sai a naɗe shi da tsumma.

Idan da kuɗin abu ɗaya tak gare ka, to ƙarfen reto za ka kai su, wato sandar ƙarfe da ake kafawa a sama a kama a rataya. Mai walda na unguwa zai yi maka da guntun bututun ƙarfe mai kaurin kusan santimita 3, irin wanda ake samu a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Ka tabbatar an dasa shi da siminti ko an ɗaure shi da manyan kusoshi a bango mai ƙarfi, ka kuma gwada shi ƙafafunka na taɓa ƙasa kafin ka sakar masa nauyinka. Irin na shago da ake murɗawa ya tokare tsakanin ginshiƙan ƙofa ba na yarda da shi sosai, domin tokarewar kawai ke riƙe shi, gidajen haya da yawa kuma ƙofofinsu ba su da ƙwarin da za su ɗauki nauyin babban mutum. Rataya kawai, ko ba ka ja jikinka sama ba, horo ne cikakke ga riƙo. Mai nauyin kilo 70 da ya rataya da hannu biyu ya ɗora wa kowane hannu kilo 35. Idan ya gagara da farko, a bar ƙafa a kan kujera ta rage nauyi. Idan ya yi sauƙi, a rataya tawul biyu a kan ƙarfen a riƙe tawul ɗin maimakon ƙarfen. Wannan na tawul shi ne ya fi kusa da abin da ɗan kokawa ko ɗan judo ke buƙata, don abin da yake kamawa ba ƙarfe ba ne mai tsayawa wuri ɗaya, abu ne mai laushi da ke neman zamewa.

Kaurin mariƙi ma babban al'amari ne da mutane ba su cika lura da shi ba. Sandar ɗaga ƙarfe da aka saba da ita kaurinta milimita 28 ko 29 ne, yatsu suna zagaye ta har su haɗu da babban yatsa, sai su zama kamar an kulle. Da zarar kauri ya kai santimita 5 ko 6, kullewar ta tafi, babban yatsa shi kaɗai ke tare ɓangare guda. Wani ƙaƙƙarfan Bature ɗan Ingila, Thomas Inch, ya yi suna a farkon ƙarni na 20 da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin fam 172, kusan kilo 78, wanda kaurin mariƙinsa ya kai kimanin santimita 6. Ya yi shekaru yana ƙalubalantar ƙarfafa su ɗaga shi daga ƙasa da hannu ɗaya suna kasawa, ba don kilo 78 ya fi ƙarfinsu ba, sai don ƙarfen yana juyawa ya ɓalle ta wajen babban yatsa. Yau ana sayar da robobi masu kauri da ake sanya wa sanda don samun wannan wahalar, irin su Fat Gripz. Suna aiki, amma tawul da aka naɗe da kyau ko guntun bututun roba na ruwa da aka zura wa sandar zai ba ka kusan abu ɗaya. Masu horo da ƙarfen siminti a unguwanni, waɗanda ake zubawa a gwangwani, suna iya zaɓar bututu mai kauri tun wajen zubin. Sai dai kada a yi duk horo da mariƙi mai kauri, domin zai sa ka rage nauyi har baya da ƙafafu su rasa rabonsu.

Yanzu mu dawo kan matsin sifirin, tunda na san da yawa za su saya ko me aka ce. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na roba mai dunƙulen murɗawa, wanda ake rubuta wa kilo 5 zuwa 60 ko 10 zuwa 40, wani har da abin ƙirga. Akwai kuma na ƙarfe, mai mariƙa biyu na alminiyom masu kaushi da murɗaɗɗen sifirin a sama, wanda ƙarfinsa ɗaya ne ba a canzawa. Wanda ya fi suna a irin na biyun shi ne Captains of Crush na kamfanin IronMind da ke Kalifoniya. Mafi sauƙinsu an rubuta masa fam 60, kusan kilo 27. Mai lamba 1 fam 140 ne, mai lamba 2 fam 195, mai lamba 3 fam 280, mai lamba 4 kuma fam 365, wato sama da kilo 165. Kamfanin yana ba da shaida ga wanda ya rufe manyan. Richard Sorin ne ya fara samun ta mai lamba 3 a 1991, Joe Kinney ya fara samun ta mai lamba 4 a 1998, kuma har yau 'yan tsiraru ne a duniya aka tabbatar sun rufe wannan na ƙarshen.

Amma kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Babu ma'auni ɗaya da duk kamfanoni suka yarda da shi. Ƙarfin sifirin yana ƙaruwa yayin da mariƙan ke matsowa kusa da juna, kuma ya danganta da inda aka auna a jikin mariƙin, kusa da sifirin ko can ƙarshe. Saboda haka fam 200 na wannan kamfani zai iya fin fam 250 na wancan wuya. Wani babban nazari da aka yi a Birtaniya a 2014 ya nuna matsakaicin namiji a ganiyar ƙarfinsa, tsakanin shekara 29 zuwa 39, yana matsa kilo 51 a na'urar awo, mace kuma kilo 31. To idan mai shago ya ce maka, “Oga, wannan kilo 60 ne,” ka ga ɗan sakandare yana rufe shi sau 20 yana hira, ka san rubutu ne kawai. Hanyar zaɓe ita ce ka gwada da hannunka a shagon. Wanda za ka iya rufewa har mariƙan su taɓa juna sau 10 zuwa 15 shi ne na ɗumama hannu. Wanda da ƙyar kake rufewa sau 3 zuwa 5 shi ne na gina ƙarfi. Wanda ba ka iya kai shi ko rabi ba, bar shi a shago, zai ba ka ciwo ne kafin ya ba ka ƙarfi. A duba faɗin buɗewarsa ma. Mata da masu ƙaramin hannu sau da yawa ba ƙarfi suka rasa ba, ƙaramin yatsa ne ba ya kaiwa ga mariƙin, shi kuwa da na kusa da shi suna da babban rabo a damƙa. Sau biyu ko uku a mako ya isa. Matsa mai sauƙi sau ɗari a rana juriya kawai yake ƙarawa, da gajiyar jijiya.

Babban yatsa kusan ba ya samun komai daga matsin sifirin, alhali shi ke buɗe kwalba, shi ke riƙe faranti mai nauyi, shi ke kama bulo daga sama. Kayan horar da shi ba sai an saya ba. A sami guntun katako mai kaurin santimita 5 zuwa 7, a huda shi a ɗaura igiya, a rataya ƙaramar jarka a ƙasa, a ɗaga shi tsakanin babban yatsa da sauran yatsu a miƙe, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30. A gidan motsa jiki kuma a haɗa faifan ƙarfe biyu, santsinsu na waje, a ɗaga su tare, a dai kawar da ƙafa. Na wuyan hannu ma haka. Guntuwar sanda da igiya da ɗan nauyi a ƙasa, kana murɗawa igiyar tana naɗewa, sannan ka warware a hankali. Ko guduma, ka riƙe ƙotarta daga ƙarshe kana juya ta hagu da dama sannu-sannu. Idan ta yi nauyi sai ka matsar da hannu kusa da kanta.

Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne buɗe yatsu. Yini guda hannunmu a lanƙwashe yake, a kan sitiyari, a kan waya, a kan linzamin kwamfuta, sai kuma mu zo horo mu ƙara masa lanƙwasa. Tsokokin buɗewa suna manne ne a ƙashin gefen waje na gwiwar hannu, na lanƙwasawa a gefen ciki, kuma waɗannan wurare biyu ne ke fara zogi idan aiki ya yi yawa. Robar ɗaure kuɗi guda biyu ko uku a zagaye kan yatsu, kana buɗewa kana rufewa sau 20, ta wadatar. Wanda ya fi shi ne bokitin yashi. 'Yan wasan ƙwallon sanda na Amurka, wato baseball, sun daɗe suna cusa hannu a bokitin shinkafa suna buɗe yatsu, suna damƙa, suna murɗawa. Mu nan shinkafa ta fi ƙarfin a yi wasa da ita, kuma abinci ce, don haka yashi mai laushi da aka tankaɗe aka cire tsakuwa da kwalba zai yi. Yashi ya fi shinkafa tauri, sai a fara da tsoma yatsu kawai.

Safar hannu ta masu ɗaga ƙarfe tana kare fata amma ba ta ƙara riƙo. Madaurin da ake naɗe wuyan hannu da sanda da shi yana da amfani ga mai ɗaga nauyin da ya wuce ƙarfin yatsunsa, amma wanda ke sa shi a kowane ɗagawa ya sallami hannunsa daga aiki. Farar hodar da 'yan wasa ke shafawa, ta sinadarin maganiziyam, tana shanye gumi, kuma a zafin Abuja na watan Maris tana da rana. Allin makaranta ba madadinta ba ne. Da hunturu kuwa fata ke bushewa, kantar tafin hannu ta tsage, sai a riƙa goge ta da dutsen goge ƙafa, a shafa man kaɗanya da dare, ba kafin horo ba.

Akwai kuma masu zuwa wannan magana ta ƙofar lafiya, saboda sun ji an ce ƙarfin riƙo yana nuna tsawon rai. Tushen maganar gaskiya ne. A 2015 mujallar likitanci ta The Lancet ta buga sakamakon wani bincike da Dakta Darryl Leong na Jami'ar McMaster da ke Kanada ya jagoranta, a kan mutum kusan 140,000 masu shekara 35 zuwa 70 a ƙasashe 17, waɗanda aka bi diddiginsu kimanin shekara huɗu. An gano duk raguwar kilo 5 a ƙarfin riƙo tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin ɗari na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin, da kashi 17 na mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini, da kashi 9 na shanyewar ɓarin jiki. Rai a hannun Allah yake, binciken yana magana ne a kan abin da aka gani a cikin taron jama'a. Kuma bai ce matsa sifirin yana hana ciwon zuciya ba. Likitoci suna auna hannu ne saboda yana da sauƙin aunawa, kuma yana ba da labarin sauran jiki: yawan tsoka, ingancin abinci, yawan motsi, da ciwon da ke cin mutum a ɓoye. Wanda ya ƙarfafa yatsunsa kaɗai ya bar sauran jiki a kujera ya ɗaga lambar ne kawai. Shi ya sa ga mai neman lafiya ma jarka da ƙarfen reto na fi so, don suna jan jiki duka cikin aikin. Ga iyayenmu tsofaffi, ƙwararrun Turai a ƙa'idarsu ta 2019 sun ɗauki ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da kilo 16 ga mace a matsayin alamar raunin tsoka da ya kamata a bincika. Ana samun na'urar awon a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, akwai kuma ƙananan masu batir da ake sayarwa. Waɗannan ƙananan ba lallai su yi daidai da na asibiti ba, amma idan da guda ɗaya kake aunawa kullum za ta nuna maka ko gaba kake ko baya.

Wuri ɗaya da matsin roba mai arha ya fi na ƙarfe shi ne wajen masu hawan jini. An yi gwaje-gwaje da dama a kan matsa abu da kusan kashi 30 cikin ɗari na iyakar ƙarfin mutum, a riƙe minti 2, a huta, a yi haka sau huɗu, kwana uku a mako. Bayan kimanin mako takwas an ga jinin mutane da yawa ya ɗan sauka. Wannan yana buƙatar abu mai laushi da ake iya daidaitawa, ba mai lamba 2 ba. Amma jini yana hawa a lokacin matsawar kanta, musamman idan an riƙe numfashi, don haka a yi ta numfashi, a fara da shawarar likita, kuma ba dalilin ajiye magani ba ne. Ƙwallon roba mai laushi ma a nan take da amfani, ga tsoho ko wanda aka cire wa filasta, ba ga saurayin da ke neman ƙarfi ba.

Sai waɗanda hannu ne jarinsu: birkila, makanikin Apo, mahauci, mai ga-ruwa, matar da ke daka da wanki da matse kaya kullum. Su sun riga sun yi horon damƙa na awa takwas kafin magariba, ƙara musu sifirin ƙara wa jijiya wahala ne. Abin da hannunsu ya rasa shi ne buɗewa da roba, da miƙar da sangali, da kwana ɗaya na hutu idan hali ya yi. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ba komai ba ne. Zogi mai tsini a ƙashin gwiwar hannu da ya wuce mako biyu, ko yatsan da ke maƙalewa sai an miƙe shi da ɗaya hannun, ko babban yatsa da na kusa da shi suna mutuwa da dare har su tashe ka daga barci, waɗannan na likita ne, musamman ga mai ciwon suga. Idan kuwa hannu ɗaya ya saki farat ɗaya, kofi ya faɗi, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nufi asibiti a wannan sa'ar ba tare da jiran gari ya waye ba.